Abin da Zanen Bai Faɗa Ba

Da yawa cikinku kun san na je Kano na zauna jarrabawar IELTS, kun kuma yi mini addu'a. Sakamakon ne ban faɗa muku ba. Ga shi yau: na sami 7 a sauraro da karatu da magana, amma a rubutu 6 na samu. Hukumar da ke yi wa nas-nas rajista a Birtaniya tana neman 7 a waɗancan ukun, da 6.5 a rubutu. Rabin maki ya hana ni. Kuɗin jarrabawar kuwa na raken Baba ne, wanda ya sare ya kai kasuwar Makarfi.

Awa ɗaya ake bayarwa don rubutu, aiki biyu. Na farkon shi ne a ba ka zanen alƙaluma: wani mai layi yana hawa yana sauka, wani mai sanduna, wani da'ira da aka yanka kamar kankana. A ce ka bayyana shi da Turanci, kalmomi aƙalla 150, cikin kamar minti 20. Aiki na biyu ya ninka shi nauyi wajen maki, shi ya sa na raina na farkon.

Da na buɗe takarda har murmushi na yi. Zanen ya nuna hatsin da wasu ƙasashe suka noma cikin shekaru, ni kuwa 'yar manomi ce daga Gubuchi. Inda layi ya sauka na rubuta cewa fari aka yi. Inda ya ƙara sauka na ce tsadar taki ce. Tun daga Kano har na sauka a Tashar Yari ina jin na burge masu dubawa.

Bayan sakamako ya fito na je wurin wani dattijo a majami'armu, tsohon malamin Turanci. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce in karɓo littafin da sakataren zumunta yake rubuta yawan masu zuwa taron matasa, in zana shi wata-wata, in bayyana. Na zana. Layin yana sama a Disamba da Janairu, ya fara gangarowa a Mayu, ya kwanta ƙasa a Yuli da Agusta, sannan ya farfaɗo. Na rubuta cewa matasa suna sanyi a tsakiyar shekara domin ba su ɗauki zumunta da muhimmanci ba, sai Kirsimeti ta matso su tuna da hanya.

Malam ya karanta, ya ɗora yatsa a kan kalmar "because", ya ce, "'Yata, nuna mini wannan a cikin zanen."

Na duba. Babu.

"Zanen ya ce mutane sun ragu. Ke kika ce sun yi sanyi. Wa ya gaya miki?"

Daga nan ya koya mini abin da na tsallake. Jimla ta farko ta faɗi abin da zanen yake nunawa, da kalmomina, ba kwafin tambaya ba. Sai dunƙulallen bayani, jimla ɗaya ko biyu: ina ne ƙololuwa, ina ne ƙasa, ina layin ya dosa gaba ɗaya. Masu dubawa suna neman wannan ƙwarai, ni kuwa ban rubuta shi ba sam, na faɗa cikin lambobi kamar mai ƙirga buhuna. Bayan haka a zaɓi lambobi masu muhimmanci a kwatanta su, ba kowace lamba ba. Idan shekarun sun wuce, a yi magana da sigar abin da ya wuce. Ra'ayi da dalili kuma a ajiye su sai aiki na biyu.

Na ɗan yi gardama, domin har yanzu ina ganin wanda ya san noma ya fi mai kallon layi kawai fahimta. Malam ya ce ya yarda, amma a asibiti idan an miƙo mini takardar zafin jikin majiyyaci, likita zai fara son jin abin da ta nuna kafin abin da nake zato.

Abin da ya hana ni barci daren nan ba Turanci ba ne. Lokacin da nake rubuta "sun yi sanyi", fuskoki nake gani, har da ta wata 'yar'uwa da na daina gaisarwa da kyau tun damina. Yuli da Agusta lokacin noma ne da zuba taki, na fi kowa sani, amma ban kawo wannan a raina ba. Ko shi ma zato ne. Ranar Lahadi na je gidansu na tambaye ta. Ashe mahaifiyarta ce ta kwanta wata biyu, ita ke jinya, ita ke gona.

Yanzu kowace Laraba ina kai wa Malam zane ɗaya, ina rubutu da agogo a gabana. Na yi goma sha ɗaya. A na ƙarshe sau ɗaya kawai ya ɗora yatsa. Ban gaya wa Baba ranar da zan sake zama ba tukuna, sai na haɗa rabin kuɗin da kaina.