Ƙofar Baba da ranar Maiduguri



Ƙofar zaurenmu a Limanti ta katakon maɗaci ce, marigayi Baba ya sa aka yi ta tun ina yaro. Duk damina sai ta kumbura, ba ta rufuwa sai an sa kafaɗa. Hunturu na kamawa kuma ta tsuke, har ka hango hasken layi ta tsakanin allunanta. Mun saba da halinta.

Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024, ruwa ya yi kwanaki a gidanmu, ƙofar ta sha ta ƙoshi. Bayan ya janye sai na yi tawa dabarar: na cire ta na shimfiɗa a rana tsakar gida. Kwana uku, sai ga tsaga tun daga sama har kusan tsakiya. Ranar ban iya cin tuwo ba, don kusan ita kaɗai ta rage mana cikin kayan Baba.

Wani dattijon kafinta ya zo ya duba, ya girgiza kai. "Ɗana, wa ya ce ana shanya katako kamar wanki?" Ya ce rana tana busar da bayan ne alhali cikin yana jiƙe, bayan ya ja, cikin ya ƙi, sai ya tsage. Na ce to Baba, ko a fere gefen da ke cijewa? Ya ƙi. Wai in ya fere ta yanzu, zuwa Janairu ɓera zai riƙa wucewa ba sallama. Katako ta faɗi yake kumbura, ba ta tsawo ba, kuma zai koma da kansa.

Muka jingine ta a inuwa bisa bulo, iska na ratsawa. A Disamba ya dawo, ya cike tsagar da garin katako da gam, ya shafa mata mai har ƙasanta, inda ba mu taɓa shafawa ba.

Masu shimfiɗa katako a daɓen ɗaki, abin ɗaya ne. A bar ɗan sarari jikin bango saboda damina. Ƙurar hunturu a share ta tukuna, yashinta na kankare katako, sannan a goge da tsumma mai ɗan laima. Kada a kwara bokiti kamar yadda muke yi wa siminti.

Tabon tsagar yana nan. Inna ta hana a yi masa fenti.