Hoton mai kukuma

A kakar shekarar 2019, ina aji uku na ƙaramar sakandare a Ƙanƙara, yayana ya sayi sabuwar waya ya bar mini tsohuwarsa, wata Tecno mai tsagaggen gilashi. Ba ta riƙe caji, amma tana ɗaukar hoto. Na fara da awakin gidanmu da ƙannena, har suka gaji da ni.

Ana nan sai bikin 'yar ƙanwar mahaifiyata ya taso a wani ƙauye kusa da Faskari, muka tafi gaba ɗaya. Bayan isha'i aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, aka rataya ƙwan lantarki ɗaya a reshen darbejiya, aka tayar da ƙaramin inji. Makaɗan su huɗu ne: wani dattijo mai kukuma, mai kalangu ɗaya, da 'yan amshi biyu. Babu wanda ya taɓa jin su a rediyo. Da rana manoma ne, sai in biki ko suna ya samu a kira su.

Na kutsa gaba, na kunna hasken kyamara, na haske dattijon a fuska. Nan take kiɗa ya tsaya. Ya dube ni ya ce, "Yaro, wa ya aiko ka?" Jama'a suka fashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na durƙusa na ce, "Baba, a yi haƙuri, hoto nake so." Ya ce, "To ai sai ka yi sallama tukuna. Zauna nan gefena, kashe wannan walƙiyar, in ka ga abin ɗauka ka ɗauka."

A gefensa na koyi kallo. Na ga kukuma ƙoƙo ce da aka rufe da fata, tsarkiyarta ɗaya tak ta gashin doki, amma yatsunsa na sa ta kuka kamar mutum. Na ga mai kalangu yana matse tsarkiyoyi a hammata, in ya matse murya ta yi sama, in ya saki ta sauko. Na lura dattijon yakan rufe ido duk lokacin da 'yan amshi suka karɓa. Sai na daina dannawa barkatai. Na goge idon kyamara da bakin rigata, na manna gwiwar hannu a haƙarƙari don kada hannuna ya yi rawa, na koma inda hasken ƙwan ke sauka a fuskarsa, na jira. Da ya rufe ido na danna. Cikin hotuna kusan arba'in na daren, wannan kaɗai ya fita.

Daga nan abin ya shiga raina. Duk bikin dangi da aka tafi da ni, ina gaban makaɗa. A Sabuwa, inda yayata take aure, na ɗauki wasu mata masu kiɗan ƙwarya a tsakar gida, bayan na nemi izinin uwar biki da nasu. Biyu suka ce ba sa so, na kauce musu. A Ƙanƙara na ɗauki wani matashi mai gurmi yana yi wa mahauta kiɗa a bakin kasuwa. Mahaifina bai so abin ba. Ya ce karatu ya aike ni, bai aike ni bin makaɗa ba. Muka yi sharaɗi: in sakamakona ya faɗi, wayar ta koma hannunsa. Wannan sharaɗi ya sa na riƙe littafi da kyau.

Yankinmu na kudancin Katsina ba baƙon kiɗa ba ne. Alhaji Mamman Shata, haifaffen Musawa, a Funtua ya zauna, ya rasu a 1999. Hajiya Barmani Choge ta kiɗan amada ita ma 'yar Funtua ce, ta rasu a 2013. Su an naɗi muryoyinsu, hotunansu kuma suna ko'ina. To amma a bayan kowane Shata akwai makaɗan ƙauye masu yawa da ba a taɓa naɗar muryarsu ba. In sun tafi, sai dai tsofaffi su ce, "An yi wani a nan."

Sai dare ya gagare mu. A daren 11 ga Disamba, 2020, 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren kimiyya ta gwamnati da ke Ƙanƙara suka kwashe ɗalibai fiye da 300. Allah Ya sa sun dawo bayan kwana shida, amma gari bai koma yadda yake ba. A Satumban 2021 aka katse layin waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Biki ya koma na rana, a ɗaura aure a kai amarya kafin magariba. Wa zai tayar da inji ya tara jama'a da dare? Inda aka samu hali, sai a kunna waƙa a sifika na ɗan lokaci a watse.

Bara wani mutum ya yi sallama a ƙofar gidanmu. Ya ce shi ɗan dattijon nan ne mai kukuma. Sun baro ƙauyensu da abin da hannu zai iya ɗauka, suna zaune gidan wani ɗan uwa a Funtua. Mahaifinsu ya rasu bayan gajeriyar jinya, kukumar ma a can aka baro ta. Ya ce, "Ƙanena, an ce ka taɓa ɗaukar Baba hoto. Ba mu da ko ɗaya, jikokinsa suna tambaya."

Gabana ya faɗi, domin tsohuwar wayar ta daɗe da mutuwa, kuma yawancin hotunan sun tafi da ita. Na zazzage akwatina har na samo ƙaramin memori a cikin kwalin ashana. Muka sa a wayar yayana. Hotuna 17 suka rage, na 9 shi ne Baba, ido rufe, kukuma a hannu. Mutumin ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sannan ya share ido da hularsa. Mahaifina, wanda da ba ya son abin, shi ya ba da kuɗin mota, aka je Funtua aka wanke hoton guda uku.

'Yan uwa, ban ce ku fita da dare ba, kuma ban ce ku ajiye littafi ba. Amma in an yi biki da rana a unguwarku aka kira mai kalangu ko mai gurmi, kuma akwai waya a hannu, ku yi sallama ku nemi izini. Ku rubuta sunan mutum da garinsu da ranar. Ku ajiye hoton a wuri biyu, kada ku yi irin gangancina. In da hali ku wanke ɗaya ku kai masa tun yana raye. Ni ban kai wa Baba nasa ba, abin yana damuna har yau.

Allah Ya jiƙansa, Ya dawo mana da zaman lafiya a garuruwanmu.