Kiwon boa ba kiwon turke ba ne

Mu da muka tashi a Maradi, ƙiba muka sani a matsayin shaidar kiwo. Ragon turke dusa da harawa ba sa yankewa a gabansa, in ya cika ya batse sai a yaba wa mai shi. Shekara 2 ke nan ina kiwon macijiyar da ake kira boa a nan Faransa inda nake aiki, kuma abin da na gani shi ne wannan ma'auni namu yana iya kashe ta.

Boa asalinta Amurka ta Kudu da ta Tsakiya. Ba ta da dafi. Kamar mesa take, nannaɗe abin da ta kama take yi ta matse shi. Wani bincike da aka yi a Amurka a 2015 ya nuna matsar tana tsayar da gudun jini ne tun kafin numfashi ya ƙare. Inda suka bambanta, mesa ƙwai take yi, boa kuwa haihuwa take yi.

Tawa ta zo hannuna ba ta wuce santimita 50 ba. Cimarta kusu ne da ake sayarwa a daskare. Ina ajiye shi a firigo, ranar ci in narkar da shi da ruwan ɗumi, in miƙa mata da dogon hantsaki. Ba na ba ta mai rai, don kusu in ya ji matsa yana cizo, ya bar wa maciji rauni. Ƙa'idar da masu kiwo ke bi ita ce kada kaurin kusun ya wuce inda jikinta ya fi kauri. Tana ƙarama duk kwana 7 zuwa 10 take ci, yanzu sai bayan mako 2, manya kuwa sukan kai mako 3 ko 4. In ta ci ba na taɓa ta sai bayan kwana 2, don kada ta yi amai. Gefe ɗaya na akwatinta yana nan a digiri 30 zuwa 32, saboda ba ta iya narkar da abinci in ba ɗumi.

Wuyar abin ita ce ba ta cewa ta ƙoshi. Kwana kaɗan da ci za ka gan ta a bakin gilashi tana kaɗa harshe, zuciyarka ta ce yunwa ce. A daji kwanto take yi, ba ta san ranar da wani abincin zai gitto ba, don haka duk abin da ya zo ba ta barinsa. Wanda ya biye mata zai ga tsawo da wuri, amma kitse yana taruwa a cikinta da hantarta, kwananta ya ragu. Mai lafiya jikinta kusurwa gare shi kamar burodi, in ya mulmule kamar tiyo to ƙiba ta yi yawa.

Shi ya sa nake da kaye inda nake rubuta ranar ci, nauyinta, da ranar da ta yi saɓa. In idonta ya yi hazo na san saɓa ta kusa, sai in ƙara danshi in ɗaga abinci. Yau ta kai kusan santimita 120, ba gaggawa.

Ɗan'uwa, in sha'awar ta kama ka, lissafa gaba. Mace tana kai mita 2 zuwa 3, tana iya yin shekara 20 zuwa 30 a hannun mutum. Kusu zai koma babban ɓera, akwati ya koma rabin ɗaki. Dabbar da ba ta kuka ba ta ƙara, haƙƙinta duka a wuyanka yake, har da haƙƙin hana ta ci in lokaci bai yi ba.