A Ina Aka Kafa Kyamarar?

Ba kasafai mai kallon fim ɗin barkwanci kan tambayi inda aka ɗauke shi ba. Da zarar dariya ta zo, bukata ta biya. Amma mu da muke karantar da adabi mun saba tambayar ɗalibai a ina labari ya auku, domin wuri shi ke nuna wanda ya zo da kyamara da wanda aka tarar a gida. Daga nan ne ake gane wanda ake dariya tare da shi da wanda ake yi wa.

Alal misali, mu ɗauki fim ɗin nan na kwalbar lemo da ta faɗo daga jirgin sama, wato The Gods Must Be Crazy, wanda Jamie Uys ya fitar a 1980. Da yawa daga cikinmu, 'ya'yan Nguru da Gashuwa, a gidajen kallon bidiyo muka gan shi muna yara, muka yi dariya har da hawaye. Rairayin da ke ciki ma sai ya tuna mana da namu na wajen Yusufari. An ɗauki fim ɗin ne a Tsumkwe ta ƙasar Namibiya, da Botswana, da kuma Afirka ta Kudu, inda tsaunin da aka jefar da kwalbar yake. A wancan lokacin Namibiya na ƙarƙashin gwamnatin wariyar launin fata, ba ta sami 'yanci ba sai 1990. Fim ɗin ya nuna mana mutanen daji masu zaman lafiya, waɗanda ba su san kuɗi ba, ba su san faɗa ba. Alhali kuwa a Tsumkwe tuni an tsugunar da su wuri guda, suna jiran rabon abinci, samarinsu kuma ana ɗibarsu aikin soja. Duk wannan kyamara ta juya masa baya. Duniya ta yi dariya, amma waɗanda aka ɗauka ba a ba su bakin mayar da magana ba.

Idan muka dawo gida, sai mu tarar da marigayi Rabilu Musa Ibro, ɗan yankin Wudil, wanda ya rasu a 2014. Yawancin fina-finansa a ƙauyuka da unguwannin ƙasar Kano aka ɗauke su: ga zaure, ga dangar kara, ga teburin mai shayi. A nan mai wasa da mai kallo 'yan gida ɗaya ne, shi ya sa zolayarsa kan hau kan ɗan sanda da mai kuɗi da malamin tsibbu, talaka ya sami sanyi a ransa. Duk da haka, ba mu tsira gaba ɗaya ba. Sau nawa 'yan fim kan fita daga birni su shiga ƙauye don kawai su nemo baƙauyen da za a yi wa dariya? Tafiyar ba ta kai ta Jamie Uys nisa ba, amma niyyar kan yi kama.

Abin da ya sa wannan ya dame mu shi ne, mu a nan muna da gadon barkwanci mai ƙa'ida. Tun da layin dogo ya iso Nguru daga Kano a 1930, garin ya zama mahaɗar Mangawa da Hausawa da Fulani da Badawa. Duk wanda ya ga Babarbare da Bafulatani sun haɗu a kasuwa ya san yadda wasa yake. Kowa na kiran ɗan'uwansa bawansa, kowa na da damar ramawa nan take, a rabu ana dariya. Ramuwar nan ita ce gishirin wasan. In aka cire ta, abin da ya rage izgili ne.

Yanzu ga kyamara a aljihun kowane ɗalibi, ga kuma jami'a a Gashuwa tun 2013. Wuraren ɗauka ba su yi mana ƙaranci ba: tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Nguru, da bakin kogin Gashuwa, da dausayin Dagona inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin sanyi, da masunta masu fama da ciyawar kacala. Ko ba jima ko ba daɗe wani zai ɗauki fim ɗin barkwanci a waɗannan wurare. Fatanmu shi ne ya kasance ɗan gida ne, ko baƙon da ya zauna ya sha ruwan garin. Kafin ya kafa kyamara, ya tambayi kansa ko zai iya nuna fim ɗin a dandalin ƙauyen da ya ɗauka, ya zauna cikin mutanen har a tashi. In zai iya, to, wasa ya yi. In kuwa sai ya sulale kafin a kunna fitila, ya san bashi ya ɗauko.