A Bakin Kwara, Kafin Yaranmu Su Shiga Jirgi

Da shugabannin 'yan sikawut na ƙungiyarmu suka yanke shawarar kai yara yawon kwale-kwale da kwanan tanti a hutun watan Disamba, sai aka ɗora mini nauyin zuwa duba wuri. Abin da na gano shi ne nake so in shimfiɗa wa iyaye a nan, domin wanda zai ba da ɗansa amana ya cancanci ya san inda za a kai shi.

Malanville gari ne na ƙarshe a arewacin Benin, cikin yankin Alibori, yana fuskantar Gaya ta ƙasar Nijar, kogin Kwara na tsakaninsu. Sunan ya samo asali ne daga wani gwamnan Faransa mai suna Malan, amma dattawan Dendi sun fi saninsa da Tasi, wato rairayi. Baƙo yakan fara da babbar kasuwa, inda albasa da shinkafa da busasshen kifi suke tare hanya. Ni kuwa kwata na nufa kai tsaye. Tun da aka rufe gadar Gaya a 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Nijar, jama'a da kayansu suka koma ƙetarewa ta ruwa, kwatar ta cika da jirage masu inji. Nan take na fahimci cewa ba wurin koya wa yaro tuƙi ba ne, domin igiyar ruwan da babban jirgi yake tayarwa ta isa ta kifar da ƙaramin kwale-kwale.

Wani dattijo Basarke, wanda ya tsufa a kan wannan ruwa, shi ya zaunar da ni a gindin bishiya. Da na faɗa masa watan da muka zaɓa, sai ya ce: "Ɗan malam, kun ɗauka tun da damina ta wuce kogi ya kwanta ke nan?" Gaskiyarsa. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Ta farko cikar damina ce, wajen Agusta da Satumba, ruwa ja mai laka. Ta biyu ita ce baƙin ruwa, wanda ya zuba tun a duwatsun Gini, ya daɗe yana ratsa fadamun Mali, sai ya iso nan cikin hunturu. Saboda haka lokacin da sama take wasai, a lokacin ne kogi yake da faɗi da zurfi da sanyi. Shawararsa ita ce a tashi bayan sallar asuba, kafin iska ta motsa da hantsi, a riƙe gaɓa, kuma kada la'asar ta riski kowa a kan ruwa.

Riƙe gaɓar nan yana da wani dalili. Iyakar ƙasashen biyu a cikin kogin take. A ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta raba tsibiran da ake jayayya a kansu, ta ba Nijar 16, har da Lete, ta ba Benin 9. Gungun da ido ya gani ya yi sha'awa, mai yiwuwa ƙasar wasu ce. Haka nan mun cire duk wani zance na matsawa yamma wajen Karimama da gandun dajin W, inda aka sha kai hare-hare tun 2022. Za mu tsaya kusa da gari, a ɓangaren Benin, bayan mun sanar da ofishin magajin gari da 'yan sanda sunayen yara da wurin kwana da lokacin dawowa.

Sai batun jirgi. Wanda ya tuna hatsarin Warrah a jihar Kebbi a watan Mayun 2021, da na Patigi a watan Yunin 2023, inda mutum fiye da 100 suka rasu a hanyar dawowa daga biki cikin dare, ya san cewa lodi fiye da kima da tafiyar duhu su ne suka fi cinye rayuka a wannan kogi. Don haka kowane kwale-kwale zai ɗauki ƙasa da abin da ya saba ɗauka, da matuƙi ɗan gari da babban mutum guda wanda ya iya iyo, da filafili na ajiya, da igiya, da ƙwaryar kwarfe ruwa. Kowane yaro zai sa rigar ceto daidai jikinsa, a ɗaure ta tun a tudu. Na san akwai masu ganin rigar nan kamar raunin tawakkali ce. A zauren mahaifina ban taɓa jin an karantar da haka ba: Annabi Nuhu, alaihis salam, sai da ya sassaƙa jirgi kafin ya yi addu'ar shigarsa, wadda ke cikin Suratu Hud, aya ta 41, kuma yaranmu za su haddace ta kafin tafiya. Jallabiya da takalmi mai nauyi a jaka za su zauna, domin idan sun jiƙe jan mutum ƙasa suke yi. In jirgi ya kife, a rungume shi, kada a nufi gaɓa da iyo.

Wurin kwana ya fi ba ni wahala. Na ga wani fili mai laushi a bakin ruwa, har na fara auna inda tantuna za su zauna, sai dattijon ya nuna mini wata hanya da ta ratsa ciyawa, da manyan sawu a cikin laka. Dorina ce. Da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta yafe wa abin da ya shiga tsakaninta da ruwa. Muka hau tudu, nesa da gaɓa, kusa da wani ƙauyen masunta.

Ga abin da muke roƙon iyaye mata su sa a jakar kowane yaro: gidan sauro, bargo saboda sanyin asuba, tabarma, tocila, buta, da maganin da yake sha in akwai. Ruwan sha da na alwala a jarka za mu kawo shi daga gari. Ba za a bar kowa ya yi wanka a ruwan da ya kwanta cikin ciyayi ba, domin nan ne katantanwar da ke yaɗa tsargiya take zama. Wanda ɗansa bai iya iyo ba, ya faɗa mana gaskiya ranar rubuta suna, don mu san jirgin da za mu sa shi da wanda zai zauna kusa da shi.