Injin Haɗi da Injin Akwati a Hanyar Etoudi

Waɗanda suka yi wayo a unguwar Briqueterie ta Yawunde kafin sefa ta karye za su tuna cewa a wancan zamani, idan aka ce injin mota ya buga, babu mai cewa motar ta mutu. Sai a ɗaura mata igiya, a haura da ita ta Nlongkak, a wuce Tongolo, a dire ta a ɗaya daga cikin garejojin da ke bakin hanyar Etoudi, can wajen da motoci ke lodi kuma mahautanmu ke sammakon zuwa mayanka, a rataya sarƙa a reshen mangwaro, yara huɗu su ja, injin ya fito yana ɗigar baƙin mai, maigidan gareji ya zagaye shi sau ɗaya hannu a baya, sannan ya dubi mai mota ya ce, "Alhaji, ka ba ni sati biyu." Alhaji kuwa ya ce Allah ya kai mu, ya tafi da ƙafa.

Yau da safe za ka kai mota, da la'asar ka karɓe ta da wani injin a ciki.

Samari, ku ji abin da ake yi a cikin sati biyun nan. Ana kwance injin har ƙusar ƙarshe, a jera kayan a kan buhu, kowane fistin da lambarsa, a wanke su da gas a cikin rabin durom har ƙarfe ya fito fes. Kiransha a ɗora shi a kafaɗa a kai wa masu yanka, su rage masa kwatar milimita, ko rabi idan ya ci sosai, a sayo metal daidai wannan awon. Bulok a yi masa boring, a samo fistin da ringi masu ɗan girma. Yaro mafi haƙuri shi ake ba aikin bawul: ya shafa man goge ƙarfe, ya manna sandar roba, ya dinga murzawa tsakanin tafukansa, ya ɗaga, ya juya, ya sake murzawa, tun hantsi har azahar, sai maigida ya zo ya zuba fetur a kai ya tsaya kallo. Idan ɗigo ɗaya ya tsiyaya, a koma farko. Daga nan sai ɗaurin ƙusoshin kan inji, daga tsakiya zuwa gefe, bi da bi, ba a tsallake ɗaya. Randa aka tayar da shi, a bar shi yana aiki a hankali ana zuba ido a lagireto, a kuma gargaɗi direba kada ya taka shi sai ya ci kilomita dubu.

Fijo 404 da 504, tsofaffin Land Cruiser, Saviem masu ɗaukar fasinja, duk haka aka riƙa raya su. Akwai injin da aka haɗa sau uku yana aiki. Ba zan ɓoye ba, akwai kuma wanda aka haɗa da ganganci ya buga kafin ya isa garin Obala da ke nan kusa, kuma sati biyun kan koma wata biyu alhali mai mota na da iyali. Yaran gareji sun sha mari a kan sifana ɗaya. Amma mutumin da ya haɗa maka inji ya san abin da ke cikinsa, kuma ka san ƙofar gidansa da masallacin da yake salla.

Abu biyu ne suka sauya wannan sana'a, kuma kusan tare suka iso.

Na farko kuɗi. A watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi: faran ɗin Faransa ɗaya da ake canzawa sefa 50 ya koma sefa 100. Duk wani fistin da gasket na asali da ke zuwa daga Turai ya ninka kuɗi cikin dare ɗaya, albashin ma'aikata kuwa an riga an zabtare shi a 1993. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mutane, sai tashar jiragen ruwa ta Duwala ta cika da motocin gwanjo na Beljiyam, a bayansu kuma kwantenoni shaƙe da injuna da aka ciro daga motocin da aka yanka. Camp Yabassi a Duwala da Mvog-Ada a nan Yawunde suka bunƙasa da su. Mai tasi ya yi lissafi, ya ga kuɗin boring da fistin da jiran sati biyu sun fi kuɗin inji sukutum na Corolla. Wa zai ga laifinsa?

Na biyu turbo. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya ɗan Suwizalan, Alfred Büchi, shi ya yi mata rajista tun 1905, amma ƙananan motocin gas ba su same ta ba sai 1978 a Marsandi 300SD, sannan Fijo 604 a 1979. Hayaƙin da ke fita ta salansa shi ke juya wata ƙaramar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke tura iska cikin inji da ƙarfi, juyin da kan wuce dubu ɗari a minti ɗaya. Iska ta ƙaru, a ƙara gas, ƙarfi ya ƙaru. A ƙasa irin tamu wannan ba ado ba ne. Yawunde na bisa tsaunuka wajen mita 750 daga teku, Ngaundere ta haura mita 1,000, kuma duk sama da aka yi iska na sirancewa, inji marar turbo na rage numfashi. Direban da ya taɓa hawan dutsen nan na Ngaundere daga wajen Garwa da mota cike da buhuna, yana giya ta ɗaya, baƙin hayaƙi na bin sa, yaron mota na tafe a gefe da katakon weji, ba sai an yi masa bayani ba.

A nan ne tambayar da ake ta yi yau ta samo asali. A 1990 Toyota ta fito da injuna biyu masu silinda shida, lita 4.2, a Land Cruiser: 1HZ marar turbo, mai ƙarfin doki wajen 130, da 1HD-T mai turbo, wajen 165. Daga waje 'yan gida ɗaya ne. Don haka mai 1HZ kan zo gareji ya ce, "Maigida, ba za a ɗora masa turbo ba kawai?" Za a iya, a Ostareliya ma akwai masu sayar da kayan wannan aikin a haɗe. Sai dai cikin injunan biyu ba ɗaya ba ne. 1HZ yana matse iska fiye da ninki 22, yana kuma fesa gas a wani ɗan ƙaramin ɗaki da ke cikin kan inji kafin wuta ta sauko kan fistin. 1HD-T matsinsa bai kai ninki 19 ba, gas na sauka kai tsaye a kan fistin, fistin ɗin kuma an ƙera shi ne don ya jure wannan zafin. Idan ka tura ƙarin iska da ƙarin gas cikin wanda matsinsa ya riga ya yi sama, zafi da nauyi na hawa kan kayan da ba a yi su domin haka ba. Ba ranar zai nuna ba. Wata rana ce a kan hawa, da lodi, fistin ya tsage ko gasket ya ƙone.

Maigidan da ya san aikinsa bai taɓa cewa ba zai yiwu ba. Cewa yake, to a buɗe shi tukuna. A auna komai, a sa gasket mai kauri ko fistin mai ƙwari, a jawo wa turbo bututun mai daga inji a kuma buɗe masa hanyar komawa ƙasa ba tare da lanƙwasa ba, a kai famfon gas wurin masu saiti, a wanke lagireto ko a sa babba, a sa abin sanyaya iska a gaba, a bar turin iskar wajen rabin bar a ma'aunin matsi, kada kwaɗayi ya sa a wuce. Mafi muhimmanci, a dasa agogon auna zafin hayaƙi a gaban direba, a koya masa ya ɗaga ƙafa idan allura ta yi sama. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa. Amma dubi abubuwan da aikin ke jingine a kansu: mai yankan kiransha da awonsa ke daidai, fistin na gaske, mai saitin famfo da ba ya aiki da kunne kaɗai, da mai mota da zai iya jira. A da, huɗun nan suna samuwa a gari ɗaya. Yanzu kwalin fistin na asali da na jabu, ko mai shago sai ya duba sau biyu.

Shi ya sa idan yaro ya tambaye ni, nakan ce masa in ƙarfi kake so, nemi injin da aka ƙera da turbo tun daga masana'anta. Ina faɗin haka ne raina ba ya so, domin na san abin da shawarar ke kashewa.

Sai dai inji sukutum ma kala-kala ne. Akwai sabo dal a akwatin katako, da takardar garanti, ta hannun dillalin kamfani irin CAMI, wanda galibi sai manyan kamfanoni da ƙungiyoyin agaji ke iya saye. Akwai sababbi ƙirar Sin masu kama da na Toyota, su ma a akwati, sun fi araha, ingancinsu kuwa ya danganta da masana'antar da suka fito. Sai na gwanjo, wanda shi ne na talaka. Ga yadda ake cinikinsa: a ɗora shi a kan tsohuwar taya, a jona batir, a tsoma tiyo a galan ɗin gas, a tayar da shi babu ruwa babu lagireto, ya yi ruri na rabin minti, ƙasa na girgiza. Bakanike ya cire murfin mai ya ɗora tafin hannu ya ji ko yana huci, ya zura yatsa bakin turbo ya girgiza sandar ya ji ko tana wasa, ya dubi launin hayaƙi. Shi ke nan, a biya. Kilomita nawa ya yi, sau nawa ya tafasa, wane mai aka riƙa ba shi, babu wanda zai gaya maka. Injuna irin 2L-T da 1KZ kuwa an san su da tsagewar kai idan suka taɓa yin zafi, kuma tsagar ba ta bayyana a rabin minti. Wanda ya sayi na gwanjo mai turbo, ya daure ya ƙara kwana biyu: a sauke kaskon mai a duba metal, a canza bel ɗin tayimin da famfon ruwa, a gwada nozul, tun injin na ƙasa.

Hilux na 2005 zuwa yau sun sake nisanta mu da sifana. Injunan D-4D kwamfuta ce ke auna musu gas, tana fesa shi da matsin da ya wuce bar 1,000, ƙwayar datti ɗaya a cikin gas na iya kashe injekta. Yaron da ke da na'urar dubawa a waya yana gano cikin minti biyar abin da maigidansa zai kwana yana nema, kuma wannan ilimi ne na gaske, ban raina shi ba. Abin da ke damuna shi ne a gareji guda za ka samu yara goma da suka iya sauke inji su ɗora wani kafin magariba, da ƙyar ka samu ɗaya da ya taɓa riƙe ma'aunin ringi. Dattawan da suka iya suna nan tukuna, kaɗan ne, wasu idonsu ya fara rauni, suna zaune a benci ana kiransu idan wani injin da babu irinsa a kasuwa ya gagara. Ranar da kwantena ta makale a Duwala, ko aka tsaurara harajin kayan gwanjo, wajensu za a koma, kuma koyon wannan aikin yana cin shekaru.