Ɗakin Gefe

Litinin, 4 ga Nuwamba
An kwantar da mu, ni da 'yata. Ɗakin gefe, ƙofa a rufe. Awon busawa na safe kashi 68, a Yuli 84 ne. Kakin kore shar, mai kauri, da warin nan da na gane tun kafin likita ta buɗe baki. Kwana 14 na allura ta jijiya: ceftazidime sau uku a rana, tobramycin sau ɗaya.

Talata, 5
Sai a karo na uku doguwar robar ta shiga jijiya. Ita ko uffan. Ni ce na fita waje.
Da dare mutanen Ingila na ta harba wutar bikinsu. Ta kalla ta taga, tana tari tana dariya.

Laraba, 6
Hajiya ta kira daga Katsina. "Har yanzu tarin ne? An dai duba tarin fuka ko?" Shekara goma sha ɗaya ina bayani ɗaya. Cystic fibrosis, Hajiya. Gado ne kamar sikila, ina ɗauke da shi, babanta ma haka, kowane ciki ɗaya cikin huɗu. Sai dai shi ba jini yake taɓawa ba. Gishiri da ruwa ne ba sa ratsawa yadda ya kamata, majinar huhu ta yi danƙo, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Ta ce zuma da habbatussauda. Na ce to, Hajiya.
Ba wanda ya ambaci auren zumunci. Ni ma ban ambata ba.

Alhamis, 7
An ɗebi jini don auna tobramycin. Yana iya taɓa ƙoda, yana iya taɓa ji. Bayan isha'i na tsaya a bayanta na raɗa sunanta, sunan da ba na kira a gaban mutane. Ta juyo. "Umma, lafiya?"

Juma'a, 8
Sakamakon kaki. Pseudomonas aeruginosa, wannan karon mai yauƙi. Likita ta zana mini a bayan takarda: ƙwayoyin sun taru sun lulluɓe kansu da yauƙi, magani sai dai ya lashi bayansu. Sau biyu a baya an kore shi da ciprofloxacin da siracen colistin, wata uku-uku. Yau ba ta ce kora ba. Dannewa ta ce.
Babu Burkholderia, alhamdulillahi. Gwajin dangin tarin fuka, su Mycobacterium abscessus, sai nan da mako shida ko fiye.
Shi Pseudomonas a ruwan kwance yake zama, da magudanar wanki, da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na bi gidanmu ɗaki-ɗaki a zuci, na tsaya a kan butar banɗaki. Sau nawa ta kwana da ruwa? Likita ta ce ba a iya sanin inda aka kwaso. Duk da haka na kira maigida na ce ya jefar.

Asabar, 9
Akwai yaro a ɗaki na gaba, ciwonsu ɗaya. Ba za su haɗu ba, kowa na iya ba ɗan'uwansa ƙwayar da ke huhunsa. Ta bango suke ƙwanƙwasa wa juna. Uwarsa ta tare ni wurin shayi, ta ce tun da ya fara Kaftrio tarin ya ɗauke, wannan ce kwanciyarsa ta farko cikin shekara uku. Nau'in ciwon nasa F508del ne, irin na yawancin Turawa. Namu 3120+1G>A, wanda aka fi gani a 'yan Afirka. Abin da maganin zai gyara, jikinta bai ma ƙera shi ba.
Na ce ina taya ta murna. Kuma da gaske nake, galibi.

Lahadi, 10
Siracen ruwan gishiri, bugun ƙirji, tari, kofi. Allura. Sirace. Maigida ya kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, man shanu na iyo a kai. Creon huɗu na narkar da abinci, ta cinye tas.

Talata, 12
73. Na yi ta kallon lambar.

Alhamis, 14
Ƙarfe uku na dare, zaren jini a kaki. Nas ta ce kaɗan ne, yakan faru. Na sumbaci goshinta, gishiri kamar kullum. Barci bai zo ba.

Juma'a, 15
Babu jini. Kakin ya koma ruwan ɗorawa. An sallami yaron. Ta ƙwanƙwasa sau biyu da yamma, sannan ta tuna.

Lahadi, 17
Gobe busawa. In ta kai kusa da 80, gida, da sirace safe da yamma har illa masha Allahu. In ba ta kai ba, ƙarin mako guda, wataƙila a canza magani.
Na haɗa jaka. Na sake fito da buroshin haƙori da silifas ɗinta.